Ku Tambaya Mu Amsa: Masallaci a kan haikalin Fir'auna, da yadda Luksor take riƙe da tsofaffin duwatsunta

Jama'a assalamu alaikum. Mun ce wannan karon zancen Luksor za mu yi, garin nan na kudancin Masar da ke bakin kogin Nilu, wanda haikalan Fir'aunoni suke tsakiyar gidajen mutane, muka ce mai tambaya ya aiko. Toh kun aiko kam, har sun fi ƙarfin filin, na zaɓi waɗanda zan iya ja da su.

Slm Malam. Ni ɗaliba ce a Alƙahira, hutun da ya wuce mun je Luksor da ƙawayena, muna cikin haikalin da ke tsakiyar gari na ɗaga kai sai naga ƙofar masallaci can sama a jikin bango, ba matakala ba komai, kuma wallahi ana kiran sallah a ciki. Dan Allah ya akai masallaci ya hau kan ginin Fir'auna, kuma me yasa basu cire shi ba tunda naga duk gefen sun share?
*Ɗaliba, Alƙahira*

Wa alaikumussalam ƙanwata. Masallacin Abul Hajjaj kika gani, kuma shi bai hau ko'ina ba, ƙasar ce aka kwashe daga ƙarƙashinsa ta barshi a sama.

Kinga haikalin nan Fir'auna Amenhotep na uku ne ya gina mafi yawansa wajen shekara 1,400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya Ramsis na biyu ya ƙara masa fili da babbar ƙofa. Da addinin nasu ya mutu sai wurin ya koma hannun wasu, sojojin Rum sun maida shi bariki, Kiristoci sun yi coci a ciki, sannan shekaru aru aru ƙura da shara da ɓaraguzan gidajen ƙasa suna ta taruwa har ginshiƙan suka nutse kusan zuwa wuya, mutane suna gina gidajensu a kai suna kiwon tantabaru da awaki, a wajensu tudu ne kawai a bakin kogi. A kan wannan tudun akai masallacin, a wurin da Shehu Yusuf Abul Hajjaj ya zauna kuma aka binne shi, ya rasu wajejen 1244. Ɗaya daga cikin hasumiyoyin ma, ta tubalin ƙasa, ta girmi shehin, tun zamanin daular Faɗimiyawa da ta mulki Masar take. A lokacin ƙofar da kika gani daidai ƙasa take, mutum zai cire takalmi ya shiga kawai.

A shekarun 1880 ne hukumar kayan tarihi ta Masar, wadda Bafaranshen nan Gaston Maspero yake shugabanta, ta fara tono haikalin, aka tashi masu gidaje aka yi ta kwashe ƙasa. Masallacin ne kaɗai ya gagara, mutanen gari basu yarda a taɓa kabarin waliyyinsu ba, shikenan aka tone kewayensa aka barshi a rataye, yanzu ta gefen gari ake hawa matakala a shiga. A 2007 gobara ta kama a ciki, wajen gyara da aka ɓamɓare shafen bango sai ga ginshiƙan Ramsis da zanensu sun bayyana a cikin masallacin, shafen nan ashe shi ya kare su duk tsawon shekarun. Duk watan Sha'aban kuma ana maulidin shehin, gari ya cika maƙil, har kwale-kwale ake ɗorawa a kan amalanke a zaga da su.

Ni a ganina, a duk dabarun da akai a Luksor na adana tarihi babu wadda ta kai wannan dacewa, alhali ba ma da niyya akai ta ba, dole ce ta sa. Wurin da ake shiga sau biyar a rana akwai mai shara, akwai wanda zai lura in rufi ya fara yoyo tun kafin injiniya ya zo daga Alƙahira.

Malam barka da aiki. Ni abun da ya ɗaure min kai, ƙasar Musulmi guda, ƙasar Azhar, ta zauna tana kashe maƙudan kuɗi wajen gyaran gumaka. Ba gara a barsu su ruɓe ba?
*Wani dattijo daga Gusau*

Ranka ya daɗe Baba, fatawa ta malamai ce, ni tarihi zan kawo maka. Amru bin Asi (RA) ya ci Masar wajen shekara ta 641, tare da sahabbai, kuma daga lokacin har yau daula bayan daula ta Musulunci ta mulki ƙasar, gine-ginen nan suna nan tsaye. A 2001 da Taliban suka ce za su fasa manyan gumakan Bamiyan a Afganistan, cikin malaman da suka tafi har Kandahar don su basu baki akwai Muftin Masar na lokacin, Nasr Farid Wasil, da Shaihu Yusuf Alƙardawi. Malaman can suna kallon abun a matsayin wa'azi ne, aje aga yadda masu ƙarfi suka ƙare, kuma yau babu mai zuwa Karnak, babban haikalin da ke arewacin garin, ya durƙusa wa kowa.

Sannan akwai maganar tuwo. Luksor kusan kowa a jikin duwatsun nan yake ci, mai keken doki, mai kwale-kwale, mai otal, mai sassaƙa tulunan farin dutse, har yaro mai tallan ruwa. A 1997 da 'yan bindiga suka kashe mutum 62 a haikalin Hatshefsut garin ya mutu murus na wani lokaci, haka kuma bayan juyin 2011, Masar da ta karɓi baƙi miliyan 14.7 a 2010 sai gashi dawakan haya suna ramewa a titi saboda masu su basu da kuɗin harawa. Kuɗin tikitin da baƙi ke biya kuma da kuɗin waje da jami'o'in ƙetare ke kawowa suna cikin abun da ake gyaran da shi.

Oga ni magini ne. Naji ance wai gishiri ne yake cin haikalan Luksor. Dutse fa? Ni na ɗauka ginin ƙasa kaɗai danshi ke kayarwa. Kuma in haka ne me zai hana a shafe gindin da siminti a huta?
*Magini daga Damagaram*

Maigida ai kai ka fi kowa saurin gane wannan, domin ciwon da ka sani ne, yadda gindin katangar ƙasa yake jiƙewa ya yi fari fari ya rinƙa zubowa kamar gari alhali samanta lafiya lau, toh haka yake faruwa da dutsen, sai dai nashi a hankali.

Yawancin haikalan da dutsen yashi aka gina su, shi kuma yana da ƙananan ƙofofi yana tsotsar ruwa daga ƙasa. Ruwan yana hawowa da gishiri narke a cikinsa, zafin Luksor ya busar da ruwan, gishirin ya daskare a cikin ƙofofin ya kumbura, sai fatar dutsen ta ɓare, kuma a fatar nan rubutun da zanen suke. Dutsen zai iya tsayawa amma labarin da ke jikinsa ya tafi.

Abun ya tsananta ne bayan an gama babban dam ɗin Aswan a 1970. Da can Nilu yakan yi ambaliya sau ɗaya a shekara ya janye, ƙasa ta bushe ruwan ƙarƙashi ya sauka. Da dam ya zo sai noma ya koma na duk shekara, ga rake da ake nomawa har jikin haikalan yamma shi kuma rake baya ƙoshi da ruwa, ga takin zamani, ga bututun ruwan gari da na bayan gida masu yoyo, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau ya zauna daram a gindin ginshiƙai. Ba wai kafin dam babu matsala ba fa, a watan Oktoban 1899 ginshiƙai 11 cikin 134 na babban zauren Karnak sun zube lokaci guda saboda tushensu ya ruɓe, wani Bafaranshe masanin kayan tarihi, Georges Legrain, ya shafe shekaru yana ta da su.

Maganin da akai, kuma wanda nake ganin shine aiki mafi amfani da akai wa garin duk da ba wanda zai ɗau hoto da shi, shine rage ruwan tun daga ƙasa. Da tallafin hukumar USAID ta Amurka aka haƙa ramuka kewaye da Karnak da haikalin Luksor aka binne bututu masu huda, ruwa ya rinƙa tsiyaya ciki, injina suna zuƙewa suna kaiwa waje, an gama wannan wajejen 2006 zuwa 2007, daga baya akai makamancinsa a gaɓar yamma. Ruwan ya sauka sosai. Amma injin sai da wuta, sai da mai gyara, sai da kasafi duk shekara, ranar da aka yi sakaci ruwa zai dawo inda ya saba.

Siminti kuwa, a'a wallahi. An gwada, masu gyaran farko sun yi ta liƙa shi kuma yanzu jikokinsu a sana'a suna ta fama da ɓamɓarewa. Siminti ya fi dutsen tauri, baya barin danshi ya fita, shi kansa da gishirinsa yake zuwa, sai ruwan ya rasa hanya ya ƙara hawa sama ya fito ta inda zanen yake. Yanzu kwaɓin farar ƙasa da yashi suke amfani da shi, mai laushi, wanda in ciwo ya zo shi zai fara ci a sake shi, dutse ya tsira. Gishirin da ya riga ya shiga kuma akan manna masa laka ko dagargajajjiyar takarda da aka jiƙa da tataccen ruwa, in ta bushe ta tsotso gishirin a ɓare a sake manna wata. Wata dabarar ma ko sisin kirki bata ci ba, gutsattsarin duwatsu dubbai da ke zube a ƙasa a bayan haikalin Luksor, ma'aikatan Jami'ar Chicago da suke garin tun 1924 suna kwafar rubutun bango, suka gina musu dakali dakali masu shimfiɗar hana danshi suka ɗora su a kai. Shikenan, dutse ya rabu da ƙasa ciwo ya tsaya.

Malam naji ance don a gyara Luksor sai da aka rushe unguwanni aka tashi dubban mutane. Ni dai ina ganin haka ya kamata, mu nan Kano badala ta ƙare ne saboda an ƙyale mutane suna gini a jikinta suna ɗibar ƙasarta. In ba a nuna ƙarfi ba ai tarihi bazai tsira ba.
*Mai karatu daga Kano*

Ɗan'uwa na fahimci zafin da kake ji, duk wanda ya san ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ya ga abun da ya rage yau dole ransa ya ɓaci. Amma bari in baka labarin Kurna (ta Masar fa, ba tamu ba) ka auna da kanka.

A gaɓar yamma akwai tsauni cike da kaburburan manyan fadawan Fir'aunoni, kuma a kansa mutanen Kurna suka zauna, wasu gidajen ma a bakin kabari aka gina su, ɗakin kabarin ya zama rumbu ko turken dabbobi. An daɗe ana musu kallon ɓarayin kabari kuma zargin ba a banza ya taso ba, 'yan gidan Abdurrasul ne suka gano maɓoyar gawarwakin sarakuna a Dairul Bahari suka rinƙa sayar da kayan a ɓoye har asiri ya tonu a 1881. Ruwan wanka da na wanki kuma yana gangarawa cikin kaburbura, hayaƙin girki yana baƙanta zane. Duk gaskiya ne. Sai dai su ɗin ne kuma leburori da masu gadi na kusan duk wani tono da Turawa suka yi a wurin, kaka da kakanni, da hannunsu aka kwashe ƙasar da ta rufe kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922.

Yunƙurin farko na tashinsu a shekarun 1940 ne. Gwamnati ta ɗauko mai zanen gini Hasan Fathi ya gina musu sabon ƙauye a ƙasa kusa da gonaki, da tubalin laka, rufin kubba da baka irin na Nubiyawa, ba ƙarfe ba siminti, da masallaci da kasuwa da dandali, ginin da har yau ɗaliban zanen gini daga ko'ina a duniya suke zuwa kallo. Mutanen suka ce basu san zancen ba. Abincinsu a tsauni yake, wurin baƙi da wurin tono, kuma su ba su suka ce suna son tashi ba, aikin ya tsaya ba a gama ba. Tsohuwar Kurna kuma aka barta ba ruwan famfo, a jaki ake hawo da ruwa, ko za su gaji su sauka. Basu sauka ba.

Sai a ƙarshen 2006 aka zo da katafila. Cikin 'yan shekaru aka rushe kusan duka, aka kai dubban iyalai sababbin gidajen siminti a Tarif, can gefen hamada, akwai famfo akwai wuta, kuma kar in yi ƙarya wasu sun ji daɗin hakan musamman mata da suka huta da ɗibar ruwa. Amma gidajen sun yi wa manyan iyalai kaɗan, sun yi nisa da inda baƙi ke wucewa, mai sayar da sassaƙa a ƙofar gidansa ya wayi gari ba ciniki. Abun da ya fi ci min rai shine bangayen. Al'adarsu ce in mutum ya sauke farali a zana masa tafiyar a bangon gida, jirgin sama, jirgin ruwa, raƙumi, Ka'aba, da sunan Alhaji da shekarar da ya je, duk katafila ta haɗa da su. Wato an rushe tarihin Musulmin wurin na shekara ɗari biyu don a fito da na shekara dubu uku, kamar na farkon ba tarihi bane. Kwamitin UNESCO ma, wanda ya sa wurin cikin jerin gadon duniya tun 1979, sai da ya nuna damuwa kan yadda ake rushe rushen.

Haka akai a gabas wajen tono hanyar nan mai kilomita 2.7 da ta haɗa Karnak da haikalin Luksor, mai jere da gumakan zaki masu kan rago da kan mutum, wadda aka buɗe da gagarumin biki ranar 25 ga Nuwamba 2021. Tayi kyau a talabijin ba ƙarya, amma gidaje da shaguna da yawa ne suka tafi, kuma ta tsaga garin gida biyu sai ta gada ake tsallakawa. Gumakan ma da yawa gindinsu kawai aka tarar.

Toh ni ban ce kar a hana gini a kan kabari ko a jikin badala ba, a hana, tun ranar da aka kafa tubalin farko, kuma a hana mai kuɗi kafin talaka don shi yake zuwa da tifa. Amma wanda ya gaji zama a wurin, tashinsa ya kamata ya zama dabarar ƙarshe. Da an ja wa Kurna magudanar ruwa mai kyau, an tashi gidajen da ke kan kabari kai tsaye kaɗai, an bar saura da sharaɗin ba ƙarin bene ba siminti, an basu gadin wurin da albashi, da yau akwai kaburburan akwai ƙauyen. Ƙauyen Hasan Fathi ma danshi ya ci shi, mazauna suka rinƙa rushewa suna ɗora benen kankare, sai da UNESCO ta shigo ta gyara masallacin da wasu gine-ginen jama'a daga baya.

Wai da gaske ne an ƙera kabarin Tutankhamun na jabu ana nuna wa mutane? Wannan ba damfara bace?
*Matashi daga Kumasi*

Haha, damfara sai in an ɓoye maka abokina, wannan kuwa da allo a ƙofa. Wani kamfanin Sifen mai suna Factum Arte ne ya ɗauki hoton ɗakin kabarin da na'ura, kowane ƙurji da tsaga na bangon, suka ƙera irinsa sak aka buɗe a 2014 kusa da gidan Howard Carter, Baturen da ya gano kabarin. Dalili kuwa numfashinmu ne. Kabarin ɗan ƙarami ne, an yi shi don a rufe har abada, sai gashi ɗaruruwan mutane suna shiga kullum da zufa da ƙurar takalmi, danshi ya hau ya sauka, fenti ya rinƙa ɗagowa. Cibiyar Getty ta Amurka ta yi shekara goma, 2009 zuwa 2019, tana gyaran na ainihin, suka sa na'urar sauya iska da sabon dandamalin tsayawa. Akwai wasu ɗigo ɗigo masu ruwan ƙasa a bangon da aka daɗe ana tsoron suna yaɗuwa, da aka gwada da hotunan zamanin Carter sai aka ga basu ƙaru ba, ƙwayoyin da suka haifar da su sun mutu tuntuni, sai aka barsu don gogewa zata tafi da fentin. Wannan haƙurin na barin abu yadda yake ya burge ni.

Matsalar kwafin ita ce an bar na ainihin a buɗe, kuma wa zai zo tun daga Japan ya kalli kwafi alhali na gaske yana nan kusa? Dabarar da ta fi aiki a Kwarin Sarakuna, wato maƙabartar Fir'aunoni da wannan kabarin yake ciki, ita ce karɓa karɓa, tikiti ɗaya kabari uku, a buɗe wasu a rufe wasu su huta, masu rauni irin na Seti na ɗaya a tsauwala musu kuɗi. Na Sarauniya Nefertari da Getty ta gyara tsakanin 1986 da 1992 shi kullum a buɗe a rufe yake, in an buɗe ma mintoci kaɗan ake ba mutum.

Malam in mutum zai je yaushe ya fi?
*Wata mai karatu daga Maraɗi*

Hajiya ki je da sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da bazara zafin can ya kan haura digiri 40 kuma Kwarin Sarakuna ba inuwa. Daga Alƙahira akwai jirgin ƙasa na dare, akwai na sama wajen awa ɗaya. In da ɗalibi a tafiyar ya riƙe katinsa ana rage masa kuɗin shiga. Karnak da sassafe, haikalin Luksor da magariba in an kunna fitilu, kiyi sallah a Abul Hajjaj. Kuma dan Allah a riƙe hannun yara, kar a shafa zane kar a jingina da bango, maiƙon hannu ma yana ɓata shi.

Sauran tambayoyin, har da ta wanda ya tambayi yadda aka yanka haikalin Abu Simbel gunduwa gunduwa aka matsar da shi a shekarun 1960, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.